Yadda za ka shiga kurmin Kakum ka ga abin da ka je gani

Ni mutumin Bauchi ne, a Yankari na koyi kallon namun daji. A can kana cikin mota za ka hango gwanki da ɓauna daga nesa, don sarari ne. Da wannan ido na shiga Kakum a ƙasar Gana karon farko, na fito ina cewa babu komai a ciki sai itatuwa. Sai da na koma sau biyu na gane cewa kurmi da kunne ake shigarsa, ido daga baya yake biyowa.

Ka fara da lokaci. Gandun yana da nisan kimanin kilomita 30 arewa da garin Cape Coast da ke bakin teku, a kan hanyar Twifo Praso, kuma motocin haya da suke kira trotro suna bi ta ƙofarsa. Ka kwana kusa, ka yi sallar asuba ka kama hanya, domin ka kasance cikin rukunin farko da ɗan jagora zai shiga da su. Da hantsi ya ɗaga 'yan makaranta za su cika wurin da ihu, duk abin da ke da ƙafa ko fiffike kuma ya ja baya. Damina biyu suke yi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Disamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙin tafiya, amma ni na fi son ƙarshen damina, lokacin da komai ke ɗigar ruwa.

Sutura kuwa, ka ajiye babbar riga da silifa. Zafin can ba irin namu ba ne. Rana ba ta dukanka, amma iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa, kafin ka gama hawan tudun farko rigarka ta manne a jiki. Ka sa riga marar nauyi mai dogon hannu da takalmi rufaffe, ka cusa bakin wando cikin safa. Dalilin safar shi ne kwarkwasa. Suna tafiya a layi baƙi ƙirin, su ratsa hanya. Idan ka gan su ka tsallake da sauri, kada ka tsaya kallo. Ka riƙe ruwan sha, wayarka kuma ka sa ta a leda.

Da ka shiga ƙarƙashin itatuwa, ka rage sauri ka yi shiru. Duhun da za ka gani da rana tsaka ba hadari ba ne, rassa ne suka haɗe a sama, hasken da ke isowa ƙasa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Ka tsaya gindin rimi ka dubi saiwoyinsa da suka tashi kamar katanga, wasu sun fi mutum tsayi. Abincin ƙasar kurmi a fatar sama kawai yake, domin ganye na faɗuwa gara da naman kaza da danshi za su cinye shi, itatuwa su sake zuƙewa. Shi ya sa saiwa ba ta nutsawa sosai, sai ta bazu ta tokare bishiyar. Kuma shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an sare kurmi don gona: 'yan shekaru kaɗan ruwan sama ya wanke ƙasar. Ka tambayi ɗan jagora ya nuna maka odum, wato loko, da manyan 'yan uwan maɗaci. Goron da kakanninmu suka yi fataucinsa daga Gwanja ma ɗan irin wannan inuwa ne.

Sai gadar sama, wadda aka buɗe a 1995. Gadoji 7 ne na igiya da katako, tsawonsu duka a haɗe kusan mita 350, a rataye tsakanin manyan itatuwa mita 30 zuwa 40 daga ƙasa. Tana lilo, amma raga ta kare ka hagu da dama. Ka ba na gabanka tazara, ka riƙe igiya hannu bibbiyu, ka sa ido a kan bishiyar da kake nufa. Yawancin mutane gudu suke su gama. Kai ka daɗe a kan dandamalin da ke jikin kowace bishiya, don a nan sama 'ya'yan itace da furanni suke, masu cinsu ma nan suke. Idan ka ji wani huci mai nauyi yana wucewa, fukafukan manyan 'yan uwan cilakowa ne. Idan reshe ya girgiza babu iska, biri ne. Ka tsayar da ido a wurin, shi zai sake motsi. Malam-buɗe-littafi kuwa iri ɗaruruwa ne.

Giwar kurmi tana nan, ta fi ta Yankari ƙanƙanta, haurenta a miƙe yana kallon ƙasa, amma kada ka sa rai da ganinta. Ni sawunta da kashinta kawai na taɓa gani, da muka bi doguwar hanyar ƙasa bayan mun sauko daga gada. Ka nemi a kai ka wannan tafiya ko da za ka ƙara kuɗi, kuma ka faɗa tun a ƙofa, kafin a raba 'yan jagora.