Sabuwar magenku ba mayya ba ce: kurakuran da na gaji da gani

Duk mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ya san darajar mage, don ɓera ba ya jin magiya. Abin da ya haɗa ni da kiwonsu ke nan, har ta kai duk magen da ta haihu a gidana, kafin 'ya'yan su buɗe ido an riga an yi musu kamu. Abin da ya ishe ni shi ne yadda ake dawo min da su. Sati bai cika ba sai ka ga yaro da buhu a ƙofar gida: "Baba, wai in ji Hajiya a karɓi magen nan, mayya ce, ta yakushi Ummi." Kowa na son kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, amma ba wanda ke son ya yi mata haƙurin sati biyu.

Daga buhun nan ake fara ɓata lamarin. An cusa dabba a buhun masara, an ɗaure baki, an jijjiga ta a Keke Napep daga Yelwa har Fadamar Mada, sannan a zazzage ta a tsakar gida, yara goma su yi mata caa. Mage da wari take gane wurinta. A sabon gida ba abin da ke da warinta, saboda haka komai abin tsoro ne, har kai mai ba ta abinci. Ni a kwali nake ɗauko ta, mai 'yan huje-huje, da tsumman da ta saba kwanciya a kai. Ɗaki guda nake ba ta, in rufe ƙofa. Abinci da ruwa a lungu ɗaya, tsohon baho da yashi a can ɗaya lungun, kwalin nan kuma a bar mata shi ta ɓuya. Nakan shiga in zauna a ƙasa ina danna wayata, ba na zura mata ido, ba na kiran ta. Wata kwana uku ta fito, wata sai ta haura sati biyu. Masu ɗaure ta da igiya a ƙafar gado wai kada ta gudu, ku ji tsoron Allah. Masu cewa kuma rufe ta a ɗaki haramun ne, matar da hadisi ya ambata tsare magen ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Yanzu ga wanda ya ci min kuɗi da lafiya. Wani abokin ciniki ya kawo min ƙaton muzuru, babba, ban san inda ya taso ba. Ya shige ƙarƙashin gado ya ƙi fitowa, ni kuma ina ganin na iya mage, na durƙusa na zura hannu. Ba abin da bai faɗa min ba: ya kwantar da kunnuwa, ƙwayar idonsa ta buɗe ta yi baƙi wuluk, gashin bayansa ya miƙe, yana huci yana gurnani. Bayansa bango ne, gabansa hannuna. Ya kafa min haƙori a gindin babban yatsa.

'Yan huji biyu ne, jinin ma bai taka kara ya karya ba. Na goga gishiri na tafi kasuwa. Kafin isha'i hannu ya yi suntum, washegari alwala ma sai da aka zuba min ruwa. Haƙorin mage siriri ne kamar allura, yana kai ƙwayoyin cutar bakinta, musamman wadda likitoci ke kira Pasteurella, can cikin nama kusa da jijiya da gaɓa, sai bakin ciwon ya rufe a kansu. Shi ya sa cizonta a hannu ke kumbura cikin awa 24. Ƙari a kan haka, garin ihuna an buɗe ƙofa, muzuru ya haura katanga, ba a sake ganinsa ba. Da yana nan, da an tsare shi kwana 10 ana duba lafiyarsa. Tunda ya ɓace, sai da na cinye alluran ciwon haukan kare gaba ɗaya, ga ta tetanus, ga maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga shago a hannun yara.

I, mage ma tana ɗaukar ciwon haukan kare, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi. To don me babban mutum zai ce min "ai ɗan cizon mage ne"? Ka wanke ciwon da sabulu da ruwa mai zuba har minti 15 cur, ka duba agogo, sannan ka tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. Alluran ana yin su ne a jere: ranar farko, rana ta 3, ta 7, ta 14, wani tsarin har ta 28. Kada ka yi biyu ka ce ka warke. Kada kuma a fusata a kashe magen ko a kai ta bayan gari a yar, kun zubar da shaidar da za a duba ke nan. Ni tun daga lokacin hannuna ba ya shiga inda mage ta ɓuya. In dole ce ta sa sai an kama ta, bargo mai kauri nake rufa mata.

Wani abin kuma da ke ɓata min rai shi ne wasa da hannu. Ƙaramar kyanwa tana kama yatsanka tana ciza, kowa na dariya, ana ɗaukar ta a waya. Ta yi wata shida, haƙori ya yi ƙwari, ta laɓe bayan labule ta cafki ƙafar mai wucewa, sai a ce ta zama muguwa. Wa ya koya mata? Abin ya fi muni ga wadda aka raba da uwarta da wuri, don a wajen uwa da 'yan'uwa take koyon iyakar cizo. Shi ya sa ba na ba da 'yar da ba ta kai sati 8 ba, na fi son 12, ko wa ya aiko. Farauta ce ke cin ta, kuma ta fi tashi da asuba da magariba. Ka ɗaura tsumma ko gashin kaza a igiya a bakin sanda, ka ja mata ta yi ta bi har ta gaji, sannan ka ba ta abinci. In ta kama hannunka kada ka fizge, fizgewa ce ke sa ta ƙara riƙewa. Ka bar hannun ba motsi kamar ya mutu, ta saki, ka tashi ka bar mata wurin.

Sai kuma tsintsiya. Hajiya, don Allah ki ajiye tsintsiyar nan. Mage ba ta haɗa dukan da laifin da ta yi, ke take haɗawa da dukan, gobe tun daga nesa za ta fara miki huci. Watsa ruwa da jifa da silifa duk tafiyarsu ɗaya.

Sauran ƙanana ne. In ta kwanta ta buɗe ciki, ba cewa ta yi ka shafa ba. In kana shafa ta ta fara kaɗa jela tana bugun ƙasa, ta ƙoshi, ɗauke hannunka. Mai jego a bar ta da 'ya'yanta, a hana yara ɗaukarsu. In akwai tsohuwar mage a gidan, kada a haɗa su ido da ido ranar farko. Ni musanya musu tsumman kwanciya nake yi, su san warin juna ta ƙasan ƙofa tukuna. Muzuru mai yawon dare yana dawowa da raunuka, likitan dabbobi ya yi masa fiɗiya, faɗan na raguwa sosai. Magen da da lafiya lau take sai kwatsam ta fara cizo in an taɓa wani wuri a jikinta, ciwo take ji, asibitin dabbobi za a kai ta. Kuma kada wanda ya ba ta farasitamol, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka masu shafa mata Sniper ko maganin kaska na kare wai don ƙuma: in ka ga tana karkarwa tana zubar da miyau, guba ce, ba aljanu ba. Allurar rigakafin haukan kare kuma daga wata 3 ake fara yi mata, ka karɓi katin ka ajiye inda za ka iya samunsa da dare.