Yadda Ake Bin Diddigin Sunan Dangi a Birtaniya: Misalin Birtwistle

Sunan da ba a cika jin sa ba ya fi sauƙin bincike, domin masu shi ƙalilan ne kuma galibi tushensu ɗaya. Bari mu ɗauki Birtwistle.

Da farko ka tattara duk yadda ake rubuta shi: Birtwistle, Birtwhistle, Birdwhistle, Bertwistle. A da limaman coci da magatakarda kan rubuta suna yadda kunnensu ya ji, don haka wanda ya nemi rubutu ɗaya kawai zai tsallake 'yan uwa da dama.

Sai ka duba inda masu sunan suka taru. Ƙidayar 1881 aka fi dogara da ita a wannan aiki, kuma tana nuna masu Birtwistle cunkushe a gundumar Lancashire, arewa maso yammacin Ingila. Har ƙarni na 20 zuriyar na nan, don mai tsara kiɗa Harrison Birtwistle a garin Accrington na Lancashire aka haife shi a 1934.

Daga nan ka riƙa komawa baya, kada ka yi tsalle. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli, 1837, kuma shafin FreeBMD na ba da jerin sunayen kyauta. Kafin wannan shekara sai littattafan coci, waɗanda aka ba da umarnin ajiyewa tun 1538. Idan sunan na Scotland ne, rajistar gwamnati ta fara a 1855. Ka sani kuma takardun ƙidayar 1931 na Ingila da Wales sun ƙone a gobarar 1942, don haka rajistar jama'a da gwamnati ta yi a 1939 ce ke cike giɓin.

Sai bayan wannan duka ka nemi ma'ana, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Wanda ya ga Birdwhistle zai rantse da kukan tsuntsu ake nufi. Ba haka ba ne. Sunan wani ƙauye ne da yanzu ya ɓace, Birtwisle, a yankin Hapton kusa da garin Padiham a Lancashire. A tsohon Turanci "bridd" ɗan tsuntsu ne, "twisla" kuwa wurin da rafi ya rabu biyu. Mutum ya bar ƙauyensu, sai aka riƙa kiran sa da sunan ƙauyen, kamar yadda Shehu Shagari ya ɗauki sunan garinsu. Ƙamus ɗin sunayen dangi na Oxford na 2016, mai sunaye sama da 45,000, shi ne wurin tabbatar da irin wannan.

Ni dai ba na yarda da ma'anar da ba ta dace da taswira ba. A nan ƙauyen da masu sunan duk a Lancashire suke, shi ya sa bayanin ya zauna. Shagunan da ke sayar da tambarin dangi a intanet kuwa, ka ƙyale su, domin a Ingila mutum ake ba tambari, ba duk mai sunan ba.