Yadda Ake Adana Kwafin Bayanan Kwamfutocin Ofis a Wuri Guda

A ce ofis ne mai kwamfuta goma a kan layin sadarwa ɗaya. Bin kowace da filas ana kwafar fayiloli, sati biyu ake yi a gaji. Ka ware kwamfuta ɗaya ta zama rumbu, kada a yi wani aiki a kanta. Faifanta ya ninka jimillar bayanan sau biyu zuwa uku, kuma a jona ta da UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, domin ɗaukewar wuta ana cikin rubutu tana lalata kwafi.

Babban kuskure shi ne buɗe folda a rumbun a ce kowa ya riƙa zubawa. Kwamfutar da ke iya rubutu a foldar tana iya gogewa. Idan manhajar garkuwa da bayanai (mai kulle fayiloli har sai an biya kuɗin fansa) ta shiga kwamfutar sakatare, za ta kulle fayilolinsa, ta bi layi ta kulle kwafin ma. Saboda haka rumbun ne zai riƙa zuwa yana ɗebowa, kamar yadda manhajar adana kwafi ta BackupPC ke yi ta rsync (manhajar kwafar fayiloli) da SSH (amintacciyar hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa). In kuwa manhajar BorgBackup ka zaɓa, inda kwamfutocin ke turawa, ba kowace nata mabuɗin shiga rumbun, ka ƙayyade mata ƙari kawai, ban da gogewa.

Kwafin farko ne mai nauyi. A kebul mai gudun gigabit ɗaya, GB 500 kan ci kusan awa ɗaya da rabi. A mai megabit 100 ya fi awa goma sha biyu. Ka fara shi ranar Juma'a bayan an tashi, kuma ta kebul, Wi-Fi ba ta wannan aikin ba ce. Daga nan abin da ya canza kaɗai ake ɗauka kowane dare.

Fayil ɗin da ke buɗe, irin na Outlook, yakan kwafu rabi da rabi sai in manhajar adana kwafin, kamar UrBackup, tana amfani da VSS, wato tsarin Windows mai ba da damar kwafar fayil ko yana buɗe. Ma'ajiyar bayanai ta MySQL kuwa a fara fitar da abin da ke cikinta zuwa fayil da manhajar mysqldump.

Riƙe kwafin kullum guda 7, na sati-sati guda 4, na wata-wata guda 12. Kwafi ɗaya da aka kulle da kalmar sirri ya kwana a wani gini daban, don gobara da ɓarawo. Kalmar sirrin a rubuta ta a takarda a adana. In ta ɓace, babu mai buɗe shi. Duk wata ka zaɓi folda ɗaya ka dawo da ita a wata kwamfuta, ka buɗe fayilolin ka gani da idonka.