Yadda Ake Warwara Sauti da Hannun Dama a Kan Tiyorba

Tiyorba babban molo ne na Turawa, mai dogon wuya, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a ƙarshen ƙarni na 16 domin raka mawaƙi. Yawanci layukan tsirkiyarsa 14 ne, na hanjin tumaki. Salon da ya fi fito da daɗinsa shi ne arfejiyo, wato a warwara sautuka huɗu ko biyar ɗaya bayan ɗaya, maimakon a kaɗa su gaba ɗaya. Giovanni Girolamo Kapsberger ya buga littafinsa na farko na kiɗan tiyorba a Benis a 1604, shi kuma Alessandro Piccinini ya fitar da nasa a Bolonya a 1623 da doguwar gabatarwa kan aikin hannu. Daga wurinsu ne masu koyo na yau suke ɗebo wannan darasi.

Kafin ka taɓa komai, fahimci yadda aka ɗaura tsirkiyoyin, domin a nan sirrin yake. Tsawon wuyan ya sa tsirkiya ta ɗaya da ta biyu ba za su jure ja sosai ba, tsinkewa za su yi. Saboda haka aka sassauto su da mataki takwas. Idan an ɗaura a kan La (ɗaya daga sunayen sautuka: Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si), ta ɗaya La ce, ta biyu Mi, ta uku Si, kuma wannan ta ukun ta fi kowace siririn murya. Wanda ya saba da gita zai bi tsirkiyoyi a jere, uku, biyu, ɗaya, sai ya ji sautin ya hau ya faɗo ya sake hawa. Babu kyau, kunne ma ba ya so.

To, sai zaman hannu. Kafa ƙaramin yatsanka a kan fuskar molon kusa da jaki, wato katakon da aka ɗaure tsirkiyoyin a jikinsa, ba tare da dannawa ba. Babban yatsa ya miƙe waje, ya wuce sauran zuwa wajen ramin sauti, don ya iya kai wa dogayen tsirkiyoyi masu kauri. Da yatsu uku za ka yi aikin: babba, manuni da na tsakiya. Piccinini ya fi son a bar farce ya ɗan fito, wasu kuma da tsokar yatsa suke bugawa. Ni dai ina ganin gajeren farce da aka goge sumul ya fi fitar da muryar tsirkiyar hanji.

Yanzu ga tsarin. Bar hannun hagu ya huta tukuna. Babban yatsa ya bugi tsirkiya ta shida, ya zarce ya kwanta a kan ta biyar. Manuni ya bugi ta biyu. Na tsakiya ya bugi ta ɗaya. Daga nan manuni ya tsallako baya ya bugi ta uku. Za ka ji La, Mi, La, Si suna hawa kamar matakala. Wannan dawowar ta manuni ita ce wahalar, kuma ita ce ainihin salon. Da zarar ya bar ta biyu, ya fara tafiya zuwa ta uku tun na tsakiya bai buga tasa ba. In ya jira, za a ji gibi kafin sauti na ƙarshe, ko kuma ya iso a gurguje ya fizgi tsirkiyar da ƙarfi. Yi ta maimaitawa a hankali ƙwarai, kana sauraron ko huɗun sun fito da nauyi ɗaya. Kada wuyan hannu ya riƙa tsalle, yatsan ne kaɗai zai yi tafiyar.

Idan tsarin ya zauna a hannunka, danna tsirkiya ta uku a gaɓa ta farko ta wuyan molon da hannun hagu, Si ta koma Do, ka sami cikakken haɗin La, wato sautukan da suka dace da juna a kan La. Riƙe yatsan a danne har zagayen ya ƙare, domin ana so kowane sauti ya ci gaba da amo a ƙarƙashin na bayansa. Sautin tsirkiyar hanji ba ya daɗewa, shi ya sa ake maimaita zagayen har lokacin haɗin ya cika.

Sai ka sauya ta shida da ɗaya daga cikin dogayen. A nan babban yatsa zai koyi nemo wurinsa ba tare da ido ba, kuma zai koyi komawa ya taɓa tsirkiyar da ya bari tana ruri idan haɗi ya canza, in ba haka ba kiɗan ya dagule.

Wata rana hannun hagu zai sa ta ɗaya ta fi ta uku tsayin murya. Kada ka bi tsarin ido rufe, saurara ka ga wace ce ta sama, ka ajiye ta a ƙarshe in hawa kake so. Da hannu ya saba, ɗauko Toccata arpeggiata da ke cikin littafin Kapsberger na 1604. Haɗe-haɗen sautin kawai ya rubuta a dunƙule, da alamar a warwara su, ka fara da layi biyu na farko.