Ƙungiyoyin 'yan'uwantaka a jami'o'in Amurka: gado, tsofaffin ɗalibai, da matsayin baƙo

Ƙanena, idan ka sauka a wata jami'ar Amurka a ƙarshen Agusta, ba za ka yi mako biyu ba sai ka ga tebura jere a tsakiyar makaranta, samari sanye da riguna masu manyan haruffan Girkanci suna miƙa maka takarda, suna gayyatar ka cin nama ko kallon ƙwallo a gidansu. Ƙungiyoyin 'yan'uwantaka ke nan, ta maza ana ce mata firataniti, ta mata kuma sororiti. Wanda ya taso a Najeriya, da ya ji an ce ɗalibai na da rantsuwa da sirrin da ba a faɗa wa bare, sai gabansa ya faɗi, ya tuno 'yan ƙungiyar asiri. Yana da hujja. Wole Soyinka da abokansa shida sun kafa Pyrates a Ibadan a 1952 da niyya mai kyau, amma waɗanda suka ɓalle suka kafa nasu daga baya sun mayar da jami'o'inmu fagen zubar da jini. Na Amurka ba haka tsarinsu yake ba. Akasarinsu jami'a ta san da zamansu, akwai ofishin da ke sa musu ido, gidajensu a bakin titi suke, kuma makarantu da dama na wallafa matsakaicin makin kowace ƙungiya a ƙarshen zango. Suna da nasu haɗarin, zan zo kansa.

Abin ya daɗe. Phi Beta Kappa ta fara a 1776 a Kwalejin William da Mary da ke jihar Bajiniya. Ita yau ta koma ƙungiyar karrama masu hazaƙa, don haka in ta aiko maka da gayyata a ƙarshen karatunka, karɓa da hannu biyu. Irin waɗanda ake gani yanzu, masu gida da shagali, sun samo asali ne daga Kappa Alpha da aka kafa a Kwalejin Union ta jihar Niyok a 1825. Shekara ɗari biyu ke nan, kuma a cikin wannan tsawon zamani kaka ya shiga, uba ya shiga, ɗa ya biyo baya.

Nan ne baƙo ke fara jin cewa akwai abin da ya rasa. A takardar neman shiga sukan tambaya ko mahaifinka, kakanka ko yayanka ya taɓa zama ɗan ƙungiyar. Wanda ya amsa da e, shi ne ɗan gado. Tun kafin ya iso makaranta, mahaifinsa ya riga ya rubuta wa reshen ƙungiyar da ke wannan jami'ar cewa ga ɗansa nan tafe. Shugaba George Bush babba ya shiga Delta Kappa Epsilon a jami'ar Yale, ɗansa George ƙarami ya zo ya shiga ita ɗin dai, har ya shugabanci reshen. A jihohin kudu kamar Alabama da Misisifi, 'yan mata kan tara wasiƙun shaida daga tsofaffin 'yan ƙungiya tun suna sakandare, uwa ta ajiye wa 'yarta bajon da ita ma ta gada. Gado ba ya tabbatar wa kowa shiga, 'yan reshen ne ke kaɗa ƙuri'a, amma ɗan gado a sahun gaba yake tsayawa. Daga 2020 wasu manyan ƙungiyoyin mata, ciki har da Delta Gamma, sun soke wannan fifiko, domin sun gane cewa yana toshe ƙofa ga 'ya'yan waɗanda a zamanin iyayensu ba a yarda baƙar fata ko Bayahude ya shiga ba. A ganina sun yi daidai, ko da yake sun makara.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Rassa da yawa sun fi bukatar sababbin mutane fiye da yadda kake zato, domin gida ba ya riƙe kansa sai da masu biyan kuɗin ɗaki. Amma ka fahimci inda ƙarfin ƙungiyar yake. Ba a hannun yaran da suka tare ka a tebur yake ba, a hannun tsofaffin da suka gama karatu shekara ashirin ko arba'in da suka wuce yake. Sau da yawa gidan kansa mallakar wani kamfani ne da tsofaffin 'yan reshen suka kafa. Su ke gyaran rufi, su ke ba da tallafin karatu, su ke zuwa su zauna da hukumar jami'a idan yara sun jawo magana. A lokacin kaka, ranar da tsofaffin ɗalibai ke dawowa kallon wasan makarantarsu, za ka ga dattijo mai furfura ya riƙo jikansa yana nuna masa ɗakin da ya kwana. Wannan dattijon ne zai ɗaga waya ya ce a duba takardar wane idan ana neman ma'aikaci. Duk wanda ya san yadda tsofaffin ɗaliban Barewa ke riƙe da juna, makarantar da ta fitar da Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Shagari da 'Yar'aduwa, ya riga ya san yadda wannan zumunci ke aiki.

Saboda haka in kana son auna reshe, nemi ka ga tsofaffinsa. Tambayi wa ke ba su shawara, sau nawa yake zuwa, ina waɗanda suka gama bara suke aiki. Reshen da ba ya iya kawo maka dattijo ko ɗaya, sai hotunan biki, kuɗinka kawai zai ci.

Akwai wani rukuni da ya kamata ɗan Afirka ya san shi sosai, wato ƙungiyoyi tara na baƙaƙen fata. An kafa su ne a lokacin da na fararen fata suka rufe ƙofa. Alpha Phi Alpha ta fara a jami'ar Cornell a 1906, kuma Martin Luther King da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, 'ya'yanta ne. Alpha Kappa Alpha ta mata ta fara a jami'ar Howard a 1908, ita ce ta Kamala Harris. Phi Beta Sigma, wadda ita ma a Howard aka kafa ta a 1914, ta karɓi Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah, ka ga ke nan ba kai ne ɗan Afirka na farko da zai ƙwanƙwasa wannan ƙofa ba. A wurinsu zama ɗan ƙungiya abu ne na har abada, suna da rassan manya a birane masu aikin rajistar masu zaɓe da koyar da yara, kuma mai digiri na iya shiga ta reshen manya ba tare da ya bi ta hannun ɗalibai ba. Ga wanda ya zo digiri na biyu ko na uku da iyalinsa, wannan hanyar ta fi dacewa. Sai dai ka kiyaye ladabinsu. Kada ka sa rigar haruffansu don ka tsince ta a gwanjo, kada ka kwaikwayi kiransu ko alamar hannunsu. Kakanninsu sun sha wuya a kan waɗannan abubuwa, ba sa ɗaukar su wasa.

Sai maganar abin da za ka biya. Akwai kuɗin shiga, da na kowane zango, da na riguna da tafiye-tafiye, kuma ɗalibi mai bizar karatu aikin sa'a 20 a mako kawai aka yarje masa a cikin makaranta lokacin da ake karatu. Nemi a rubuta maka jimillar kuɗin shekara kafin ka ce e. Abu na biyu giya ce. A rassa da yawa ita ce ginshiƙin zama, alhali doka ta hana wanda bai kai shekara 21 ba sha. Ɗan ƙasa in an kama shi, mahaifinsa zai ɗauko lauya. Kai kuwa kamu ɗaya na iya taɓa bizarka. Na uku shi ya fi tayar mini da hankali, wato azabtar da sabon shiga da sunan gwaji. A 2017 Timothy Piazza, ɗan shekara 19, ya rasu a jami'ar jihar Fensilbeniya bayan an ɗura masa giya a daren karɓarsa, ya faɗo daga bene, 'yan ƙungiyar suka ɗauki sa'o'i ba su kira motar asibiti ba. Jihar ta yi doka da sunansa a 2018, kuma a Disambar 2024 aka sa hannu a dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka. Duba shafin makarantarka ka karanta tarihin reshen. Duk wanda ya ce sai ka sha, ko sai an hana ka barci, ko ka miƙa wayarka kafin ka zama ɗan'uwa, tashi ka bar wurin a daren, kuma ka kai ƙara.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Phi Delta Theta ta hana giya a gidajenta tun 2000. Akwai kuma Alpha Lambda Mu, wadda ɗalibai Musulmi suka kafa a 2013 a jami'ar Texas da ke Dallas, don a samu zumuncin ba tare da barasa ba. Wasu tsofaffin ƙungiyoyin kuwa akwai addu'o'i da alamomin Kiristanci a bikin rantsuwarsu. Ba za su karanta maka kalmomin ba, amma kana da haƙƙin tambaya ko akwai durƙuso ko rantsuwa da wani littafi, sannan ka kai wa limamin masallacin garin ka ji ta bakinsa. Ke ma ƙanwata, tambayi dokar sutura da yanayin tarukansu da maza tun kafin ki biya ko sisi.

In ka duba ka ga ba naka ba ne, ba ka yi asarar tsofaffin ɗalibai ba. Kusan kowace jami'a na da ofishinsu, kuma da yawa na haɗa ɗalibi da wanda ya riga shi a fanninsa kyauta. Ƙungiyar injiniyoyi baƙaƙen fata ta ƙasa, da aka kafa a 1975, na gudanar da babban taro duk shekara inda kamfanoni ke ɗaukar ma'aikata, kuma ɗan Afirka na shiga ba tare da an tambaye shi ko waye mahaifinsa ba. Ka yi rajista da ita tun zangon farko, domin kamfanoni kan fara neman ɗaliban da za su koyi aiki a wurinsu a hutun bazara tun Satumba da Oktoba.