Kurakuran da Masu Begen Komawa Zazzau Suka Fi Yi, da Hanyar Gyara Su

Duk wanda ya zauna da Zazzagawan da neman abinci ya kai Legas ko Fatakwal ko Abuja ya san cewa hirarsu ba ta nisa sai an ambaci ranar komawa gida. Wani ritaya yake jira, wani yana jiran ya rufe ginin da ya fara a Tukur-Tukur ko Ɗanmagaji, wani kuma hankalinsa yana kan mahaifiyar da ya bari a cikin Birni, tsufa yana cim mata. Akwai ma waɗanda ba 'yan asalin jihar Kaduna ba ne, karatu ne ya kawo su Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Barewa, garin ya shiga ransu, har yau ba su da burin da ya wuce su ƙare rayuwarsu a nan. Wannan bege abu ne mai daraja, kuma ina yi wa duk mai shi fatan Allah ya cika masa. Sai dai mu da muke zaune a garin muna ganin masu dawowa, muna kuma ganin waɗanda suke sake ɗaure kaya bayan shekara ɗaya ko biyu, jari ya karye, zumunci ya yi tsami. Abubuwan da ke jawo haka kusan iri ɗaya ne, kuma mafi yawansu ana iya kauce musu tun mutum yana can.

Kuskuren da sauran suke fitowa daga cikinsa shi ne auna Zariya da makon Sallah. Wanda ba ya zuwa gida sai da Sallah yakan tarar da gari a cike, 'yan uwa sun hallara, ana kallon hawa a ƙofar fada, kowane gida ya shiga sai an ajiye masa kwano, kuma aljihunsa da nauyi domin ya daɗe yana tanadin tafiyar. Wannan hoton yake komawa da shi, da shi kuma yake yanke shawarar ƙaura. Gyaran yana da sauƙin faɗa, ko da yake yana cin hutu da kuɗi: mutum ya zo ya yi wata guda a lokacin da babu biki, ya zauna a unguwar da yake niyyar zama, ya yi cefane da hannunsa. Idan ya zo a watan Maris ko Afrilu zai ga rijiyoyin da suka ƙafe, ya ga 'yan garuwa suna tura kura cike da jarkoki tun asuba, ya san abin da ruwa kaɗai zai ci masa a wata. Idan a watan Agusta ya zo, zai san wace hanya ce mota ba ta shiga bayan ruwan sama, da kuma gidajen da ke kwana da fargabar ambaliya a kusa da rafin Kubanni. Zai kuma lissafa sa'o'in da ake samun wuta a layin da kansa, maimakon ya dogara da bakin dillali.

A wannan zaman ne ake gane cewa zaɓen unguwa ba ƙaramin abu ba ne. Zaman Birni daban yake da na Tudun Wada, na Sabon Gari daban, na Samaru da Palladan da Hanwa kuma daban, ta fuskar maƙwabta da haya da nisan makaranta. Mai ciwon da ke bukatar ganin likita a kai a kai ya kamata ya tuna cewa asibitin koyarwa yana Shika, kuma daga Ƙofar Gayan zuwa can tafiya ce ta gaske, balle tun da aka cire tallafin mai a shekarar 2023 kuɗin abin hawa ya yi tsalle.

Na biyu, wanda ya fi kowanne karya mutane, shi ne dawowa ba tare da tsayayyar hanyar samu ba, da cewa idan an zo gida ba za a rasa abin yi ba. Ya kamata a fahimci inda kuɗin Zariya yake fitowa. Garin ilimi ne da albashi da noma. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da cibiyoyin bincike na Samaru da Shika, da barikin horar da kuratan soja, su ne suke zuba kuɗi a kasuwa, sai kuma kaka idan amfanin gona ya shigo. Saboda haka ciniki yana tashi a ƙarshen wata ya kwanta a tsakiyarsa, yana kuma bin kalandar makarantu. Yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a shekarar 2022 ya nuna wannan ƙarara, domin masu shaguna da masu abinci da masu gidajen haya na Samaru sun ji a jikinsu. Wanda ya saba da cinikin Legas, inda mutane ke kwarara dare da rana, ya ɗauko irin wannan lissafin ya buɗe babban kanti a nan, yakan wayi gari kaya suna shan ƙura.

Ga kuma bashi. A baƙon gari mutum yana iya cewa ba ya bayarwa, amma a gida mai zuwa ɗaukar kaya ɗan gwaggonka ne ko abokin wasan ƙasa, zai ce, "Yaya, a rubuta zuwa ƙarshen wata," kuma kunya ba za ta bar ka ka hana ba. Maganin wannan shi ne a raba kyauta da jari tun farko: a ware abin da za a iya bayarwa saboda Allah a bayar da shi a fili, sauran kuma a sa wani a kansa wanda zai iya cewa a'a. Abin da ya fi wannan ma shi ne a fara sana'ar da ɗan kaɗan tun ana can, a ga yadda take juyawa shekara guda, da rani da damina, kafin a ajiye aikin da ke hannu. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ya nemi canjin wurin aiki a rubuce, ya jira takarda ta fito, kada ya kwashe iyali saboda alƙawarin baki. Mai jiran ritaya, ko ta cika shekara 60 da haihuwa ce ko ta shekara 35 a bakin aiki, ya san cewa kuɗin fansho ba sa fitowa ranar da aka yi masa walimar bankwana, don haka ya tanadi abin da zai riƙe gida na watanni masu yawa. Mai sha'awar noma kuwa ya tambayi mutanen yankin halin tsaro kafin ya sayi gona, musamman ta wajen Giwa da abin da ya yi Birnin Gwari, domin gonar da ba a iya zuwa ba ta ciyar da kowa.

Batun fili da gini shi ne inda zumunci ya fi ɓaci, kuma a nan nake so in daɗe. Yadda abin yake faruwa sananne ne. Mutum yana can, ƙaninsa ya buga waya cewa an samu fuloti mai arha, sai a yi hanzari kafin wani ya riga. A tura kuɗi, a turo hoton takarda mai sa hannun shaidu, hankali ya kwanta. Bayan shekaru a gano cewa filin gado ne da ba a raba ba, ɗaya daga cikin magada ne ya sayar, ko an sayar wa mutum biyu, ko yana kan hanyar ruwa, ko yana cikin iyakar wata makaranta ko ma'aikata. Mutanen Zariya ba su manta da rusau ɗin da aka yi a wasu unguwanni a shekarun baya ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa da guminsu suka saya, da takardar ciniki a hannu. Takardar ciniki da sa hannun mai unguwa suna da amfani wajen tabbatar da cewa an yi ciniki, amma ba su ne mallaka a idon doka ba. Tun Dokar Filaye ta 1978, ƙasar da ke cikin gari tana hannun gwamna ne, kuma a jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke kula da rajistar filaye da takardar shaidar mallaka, KASUPDA kuma ita ke ba da izinin gini. Don haka kafin a biya ko kwabo, a bincika matsayin filin a hukuma, a tambayi maƙwabtan filin da dattawan unguwa tarihinsa, idan na gado ne a ga shaidar rabo a kuma samu yardar magada, sannan a rubuta komai da sunan mai kuɗin, ba da sunan wanda aka wakilta ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma kuɗin mota daga Legas bai kai asarar fuloti ba.

Gini daga nesa shi ma haka yake. Hoton da ake turowa ta WhatsApp yana nuna bulo ya kai linta, amma ba ya nuna yawan simintin da aka zuba a kwaɓi, ba ya nuna kaurin rodi, ba ya nuna zurfin tushe. Mutum yakan dawo ya sa farce a jikin bango yashi ya zubo. Ba kullum ha'inci ba ne. Sau da yawa ɗan uwan da aka ɗora wa aikin bai san gini ba, yana da nasa hidimomin, wata larura ta taso ya taɓa kuɗin da niyyar mayarwa. Adalci gare shi da kai shi ne kada a ɗora masa abin da ba fanninsa ba. A ɗauki wanda ya san aikin a biya shi ladan sa ido, a raba ginin mataki-mataki, kada a saki kuɗin mataki na gaba sai an duba na baya, a kuma riƙe rasit. Ina kuma ba da shawarar a rage girman gidan. Da yawa sukan zana gida mai ɗakuna barkatai saboda a san sun dawo, kuɗi su ƙare a rufi, su koma haya suna kallon kango. Ɗaki biyu da falo da aka kammala, da rijiya ko burtsatse, da katanga, sun isa a tare, sauran a ƙara a hankali. Babu kuma abin kunya a kama haya na shekara guda kafin a yanke inda za a kafa tushe.

Sai iyali. Maigida ne yake begen Zariya, domin shi ya yi yarinta a cikinta, amma yaran da aka haifa a Agege ta Legas ko Nyanya ta Abuja can ne garinsu, can abokansu suke, wasunsu ma Hausar ba ta zauna a bakinsu ba. Uwargida kuma tana iya kasancewa da sana'arta da adashinta da maƙwabtan da suka zame mata 'yan uwa, ga shi za ta dawo kusa da dangin miji bayan ta saba da cin gashin kanta. Sanar da su ƙaura kamar hukunci kuskure ne babba. A zauna da ita a yi shawara ta gaskiya, har da maganar ko za a zauna a gidan gado ko a ware, domin wannan tambayar ce take hana gidaje da yawa barci bayan an dawo. Yara kuma a riƙa kawo su dogon hutu, su saba da kakanni da 'yan uwa da Islamiyyar unguwa. A daidaita tafiyar da farkon shekarar karatu a watan Satumba, kuma kada a ɗaga yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare, wanda aka riga aka yi wa rajistar WAEC ko NECO a makarantarsa. A bari ya gama.

Akwai ƙananan takardu da ake mantawa har sai bukatarsu ta taso: takardar canjin makaranta ta yara, mayar da katin zaɓe zuwa sabuwar mazaɓa ta hannun INEC, canza asibitin da aka zaɓa a inshorar lafiya, da karɓo bayanan jinya ga mai hawan jini ko ciwon sukari. Duk ana iya gama su a cikin 'yan makonni idan an fara da wuri.

Bayan an sauka ma akwai kuskuren da harshe ke jawowa. Wanda ya dawo yana yawan cewa a can ba haka ake yi ba, yana gyara wa kowa zama a taron dangi da kwamitin masallaci, nan da nan mutane za su ja jiki. Waɗanda ya tarar su ne suka yi jinyar iyaye, suka halarci jana'iza da suna a madadinsa shekara da shekaru, kuma suna da haƙƙin a saurare su. Ya fara da zagayen gaisuwa, ya je wa kawunnai da gwaggwanni har gida, ya gabatar da kansa ga mai unguwa da limami, ya yi shekara yana kallo kafin ya fara kawo gyara. Haka nan ya sauke hannun baƙo: kyautar da yake yi da Sallah sau ɗaya a shekara ba za ta yiwu kullum ba, kuma gara a san haka tun watan farko.

Akwai kuma waɗanda kuskurensu shi ne ba sa dawowa, ba sa kuma zama. Shekara ashirin mutum yana cewa baɗi, bai sayi kujerar kirki a inda yake ba, bai shiga sha'anin maƙwabta ba, bai mallaki komai ba, wai shi matafiyi ne, a gida kuma bai ajiye ko bulo ɗaya ba. Wannan ya fi ba ni tausayi, domin yana hana kansa da iyalinsa jin daɗin wuri biyu a lokaci guda. Gyaransa shi ne ya ɗauki takarda ya rubuta shekarar da yake nufi da sharuɗɗan da za su cika kafin nan: muhalli, hanyar samu, karatun yara, da guzurin watanni. Idan lissafin ya nuna saura shekara biyar, to ya zauna da kyau a inda yake na shekara biyar ɗin, yana zuwa gida a kai a kai, yana tura abin da ya tsara. Idan lokacin ya yi, ya biya bashin da ake bin sa, ya karɓi nasa, ya sallami mai gidan haya da abokan ciniki cikin mutunci, ya riƙe lambobinsu domin ta hannunsu zai ci gaba da samun kaya, sannan ya ɗauko motar kaya da rani, kafin ruwa ya sauka.