Yadda za ka bambance ƴan Hangari masu suna ɗaya kafin ka faɗe su a rediyo

Mai shirya labarin wasanni a gidan rediyo a Yamai ko Tawa, da mai kula da shafin ƙwallo a Facebook, da mai tsara tambayoyin kacici-kacici, duk sukan ci karo da sunayen ƴan Hangari, ƙasar da jaridun Faransanci ke rubutawa Hongrie. Mutanenta ba su cika miliyan 10 ba, amma sunayen dangi biyar, Nagy, Kovács, Tóth, Szabó da Horváth, kowanne yana kan mutum wajen dubu 200. Wato kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ɗaya daga cikinsu. Sunayen yankan maza su ma ƴan kaɗan ne ke ta zagayawa: László, István, József, János, Ferenc. Shi ya sa cikakken suna ba ya isa ya nuna maka mutum. Sai ka haɗa da shekarar haihuwa, da wasan da yake yi, da ƙasar da yake wa wasa.

Fara da gano wanne ne sunan dangi

A Hangari sunan dangi ake sa wa gaba, na yanka ya biyo baya: Nagy Imre, Kovács Katalin. Jaridun Faransa da na Ingila suna juya shi, su rubuta Imre Nagy. Mu ma mun san irin wannan, tunda takarda ɗaya za ta ce Mahamadou Issoufou, wata ta ce Issoufou Mahamadou. Don haka kafin komai ka duba harshen shafin da kake karantawa. In da harshen Hangari aka rubuta shi, kamar yawancin shafukan da adireshinsu ya ƙare da .hu, kalmar farko ce sunan dangi. A jerin sakamakon gasa na ƙasa da ƙasa kuwa, wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe shi ne na dangi, ko a gaba yake ko a baya.

Inda ake faɗawa rami shi ne sunan dangin da ya yi kama da na yanka. A tawagar Hangari ta gasar cin kofin Turai ta 2024 akwai Nagy Ádám, ɗan tsakiya, akwai kuma Ádám Martin, ɗan gaba. Na farko Ádám sunansa na yanka ne, na biyu kuwa Ádám sunan gidansu ne. Mai sharhin da ya ce "Adam ya karɓi ƙwallo" bai faɗa wa mai sauraro komai ba. Haka Albert Flórián na ƙungiyar ƙwallo ta Ferencváros, wanda ya ci Ballon d'Or a 1967. Wanda ya yi karatu da Faransanci zai ɗauka Albert ne sunan yanka, alhali shi ne na dangi.

Shekarar haihuwa da irin wasa

Buɗe Wikipedia ta Faransanci, rubuta sunan, ka nemi shafin da aka yi wa alamar homonymie, wato mai jera masu suna ɗaya. A ta harshen Hangari ana kiransa egyértelműsítő lap, kuma ya fi cika nesa ba kusa ba. Ba sai ka iya harshen ba, kalmomi kaɗan sun isa: labdarúgó ɗan ƙwallon ƙafa, kézilabdázó ɗan ƙwallon hannu, ökölvívó ɗan dambe, birkózó ɗan kokawa, vívó mai wasan takobi, úszó mai ninƙaya, edző mai horarwa, játékvezető alƙalin wasa. Született na nufin an haife shi. Kwanan wata kuma daga shekara suke farawa, sai wata, sai rana. In ka ga 1995.06.17, 17 ga Yuni 1995 ke nan, ranar haihuwar Nagy Ádám ɗin da aka ambata.

Gwada da Nagy László ka ga yawan abin. Akwai ɗan ƙwallon hannu da aka haifa a 1981, dogo ne da ya haura mita 2, ya yi wa Barcelona wasa daga 2000 zuwa 2012, ya ci kofin zakarun Turai da ita a 2005 da 2011, sannan ya koma Veszprém. Akwai ɗan ƙwallon ƙafa na Újpest da aka haifa a 1949, yana cikin waɗanda suka ci zinariya a Olamfik na Meksiko a 1968. Akwai mai zamiya kan ƙanƙara, haihuwar 1927, wanda shi da ƙanwarsa Marianna suka ci tagulla a Olamfik na 1952 da na 1956. Akwai marubucin waƙoƙi da ya rayu daga 1925 zuwa 1978. Akwai ma wanda ya riƙe babban sakataren ƙungiyar sikawut ta duniya daga 1968 zuwa 1988. Mutum biyar, suna ɗaya baƙi da baƙi.

Lissafin da ke raba gardama mai sauƙi ne: ɗebe shekarar haihuwa daga shekarar da abin ya faru. In amsar ba ta faɗa tsakanin 16 da 40 ba, kuma ana maganar ɗan wasa ne a fili, to ka sake dubawa. Masu wasan takobi da harbi da hawan doki sukan wuce haka. Kovács Pál ya ci zinariyar Olamfik shida a takobi tsakanin 1936 da 1960, kuma mutum ɗaya ne, ba uba da ɗa ba.

Sunan da ya fi kowanne bukatar taka-tsantsan shi ne Nagy Imre, don a nan kuskure ya wuce abin dariya. Wanda duniya ta sani shi ne firaministan da aka haifa a 1896, ya riƙe gwamnati daga 1953 zuwa 1955, ya sake dawowa lokacin boren 1956 da sojojin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe. An rataye shi ranar 16 ga Yuni 1958, aka sake yi masa jana'izar girmamawa a rana irin ta a 1989. Ɗayan kuwa ɗan wasa ne, haihuwar 1933, mai gasar nan ta wasanni biyar: doki, takobi, harbi, ninƙaya da gudu. A Olamfik na Roma a 1960 ya ci zinariya tare da tawaga, ya ci azurfa shi kaɗai. Duk labarin da ya ce Nagy Imre ya yi wani abu a 1960, to ba firaminista ba ne, don shekara biyu ke nan da kashe shi. Kada kuma a haɗa shi da Nagy Ferenc, wani firaministan daban, na 1946 zuwa 1947, wanda ya ƙare rayuwarsa a Amurka.

Suna na Hangari, tuta ta wata ƙasa

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta yanke wa Hangari kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, miliyoyin masu harshen suka wayi gari a Romaniya, da inda yau ake kira Silobakiya, da Sabiya, da Yukiren. Jikokinsu suna nan da sunayensu.

Kovács István da ya yi alƙalancin wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai ranar 31 ga Mayu 2025, wanda Paris Saint-Germain ta ci Inter 5 da 0, ɗan Romaniya ne, an haife shi a garin Carei a 1984. Wanda ya bi suna kawai zai ce ɗan Hangari, ko ya liƙa masa tarihin wani. Masu suna Kovács István ga su nan kuwa birjik a Hangari: ɗan damben da ake wa laƙabi da Kokó, haihuwar 1970, tagulla a Olamfik na Basalona a 1992, zinariya a Atlanta a 1996, da ɗan kokawa, haihuwar 1950, zakaran duniya a ajin kilo 82 a 1979, tagulla a Mosko a 1980. A shirin da masu sauraronsa suka san kokawa ciki da bai kamar na Tawa, a ɗora wa ɗan kokawa lambar ɗan dambe abin kunya ne. Tsofaffin masu bin ƙwallon Faransa za su tuna Stefan Kovacs, wanda ya ci kofin Turai da Ajax a 1972 da 1973 kafin ya horar da tawagar Faransa. Shi ma ɗan Romaniya ne, kuma da harshen Hangari sunansa Kovács István.

A ɓangaren mata bambancin baƙi ɗaya ne tak. Gabriela Szabo, mai l ɗaya, ƴar Romaniya ce, ta ci tseren mita 5000 a Sidni a 2000, daga baya ta zama ministar matasa da wasanni. Szabó Gabriella, mai l biyu, ƴar Hangari ce mai tseren kwale-kwale, zinariya ɗaya a Landan a 2012, biyu a Rio a 2016. Ka duba baƙaƙe ukun da ke gefen suna a jerin sakamako: HUN Hangari, ROU Romaniya, SVK Silobakiya, SRB Sabiya. In kuma ka ga Kovač ko Kovačić da ƴar alama a kan c, wannan Kuroshiya ce ko maƙwabtanta, ba ruwan Hangari.

Ƙananan alamomin da ke manne da suna

A tsofaffin labaran ƙwallo za ka ga lamba irin ta Romawa bayan suna, kamar Budai II na tawagar Hangari ta zamanin shahararren ɗan ƙwallo Puskás. Ba ta nufin ɗa ne ko ƙane, hanya ce kawai ta raba masu suna ɗaya. Tawagar Hangari ta kofin duniya na 1954 tana da Tóth biyu, Mihály da József, kuma Mihály ne ya buga wasan ƙarshe da Jamus ta Yamma. Ɗa da uba ana raba su da ifj. ga ƙarami, id. ga babba; ifj. Albert Flórián ɗan mai Ballon d'Or ne, shi ma ya yi wa Ferencváros wasa. Wani lokaci baƙi guda kan zo gaban sunan dangi, kamar B. Nagy Pál mai wasan takobi. Wannan B ɗin yankin sunan dangi ne, kada ka yar da shi.

Taƙaitaccen suna ma yana da tarko. Zs, Cs, Sz da Gy kowanne baƙi ɗaya ne a harshensu, shi ya sa suke rubuta Nagy Zs. A wasan da Hangari ta ci Ingila 4 da 0 ranar 14 ga Yuni 2022, Nagy ɗin da ya jefa ƙwallo ta uku Zsolt ne, ba Ádám ba.

Ga matan aure, ɗafin -né yana nufin matar wane: Kovács Jánosné ita ce matar Kovács János, sunanta na yanka bai ma fito ba. Ƴan wasan yanzu sun fi haɗa biyun, kamar Fazekas Krisztina ta kwale-kwalen 2012 da ta zama Fazekas-Zur a 2016. Nemi duka biyun, in ba haka ba za ka raba lambobin mace ɗaya gida biyu.

Sannan harshen yana liƙa wa suna wutsiya gwargwadon aikinsa a jimla. Ádámnak, Szabót, Kováccsal, duk ba sababbin mutane ba ne. Na'urar fassara wani lokaci takan bar wutsiyar, wani lokaci ma ta fassara sunan kansa, Nagy ya koma grand, Szabó ya koma tailleur. Kwafi suna daga shafin asali, ba daga fassara ba.

Furuci

Bahaushe ya fi Bafaranshe sauƙi a nan. Gy ɗinsu kusan irin na gyaɗa ne, don haka Nagy ba "Nagi" ba ne: ka ce "no" gajere, ka rufe da sautin farkon gyaɗa, ba wasali a baya. In ya yi wuya, "Noj" ya fi kusa. Cs shi ne c na Hausa, Kovács ya zama "Kobac" a bakinmu, da jan wasalin ƙarshe. Sz s ne, Szabó "Sabo". S shi kaɗai sh ne, István "Ishtban", Puskás "Pushkash". Zs kamar j na Faransanci yake, j kuma y ne, János "Yanosh". H ɗin ƙarshen Tóth da Horváth ba a faɗinsa. Nauyin murya kullum a gaɓar farko yake.

Kafin a shiga ɗakin watsa shiri

Ware shafi a littafinka, kowane mutum layi ɗaya: sunan dangi da manyan baƙaƙe, na yanka, shekarar haihuwa, wasa, ƙasa, abu ɗaya da aka san shi da shi, sai furuci da rubutun Hausa. Misali: NAGY Tímea, 1970, takobi, Hangari, zinariya a Sidni 2000 da Atina 2004. Tabbatar da layin daga wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Ga Olamfik, shafin Olympedia yana ba kowane ɗan wasa lambarsa daban, wanda ke hana a cakuɗa masu suna ɗaya. In intanet na wahala, ɗauki hoton shafin da salula tun da rana.

A bakin makirfo, karo na farko ka faɗi suna cikakke tare da wasa da ƙasa, ka zaɓi tsari ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen shiri. Tunda masu sauraro a Nijar sun saba da tashoshin Faransanci, sa sunan yanka gaba ya fi dacewa. In Kovács biyu suka haɗu a labari ɗaya, kamar Ágnes mai ninƙaya da Katalin mai kwale-kwale, waɗanda dukansu suka ci lamba a Sidni a 2000, kada ka sake cewa Kovács shi kaɗai.

Hoto ne ya fi yawan tona asirin masu shafukan Facebook, don injin bincike yana kawo fuskar wanda ya fi shahara ne, ba ta wanda ka nema ba. Rubuta suna tare da kalmar wasan da harshen Hangari da shekarar haihuwa, kamar Kovács István birkózó 1950, sannan ka duba kayan da ke jikin mutumin da shekarun hoton. In dattijo ne mai gashin baki da tabarau a hoto baƙi da fari ya fito a kan labarin wasannin Roma, firaminista ka ɗauko, cire shi ka sake nema.